Yadda ake auna sinadaran homon da na'urorin bayosensa

Ɗan tsinken gwajin ciki da ake sayarwa a kantunan magani, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, yana aiki ne da wata dabara da masana kimiyya suka shafe shekaru da dama suna gyara ta: wato amfani da sinadaran garkuwar jiki, waɗanda ake kira antibodi, wajen kamo sinadarin homon a cikin fitsari, ko jini, ko miyau, a kuma auna yawansa.

Da wannan dabara ce ake gano ciwon maƙoƙo, da wasu musabbaban rashin haihuwa, da cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Kuma idan awon ya yi kuskure, sakamakon kan kai ga ba mutum maganin cutar da ba ya ɗauke da ita.

Mene ne homon?

Homon wasu sinadarai ne da wasu gaɓoɓin jiki ke samarwa, su zuba su cikin jini domin kai saƙo ga wasu sassan jikin. Insulin na umartar jiki ya kwashe suga daga cikin jini. Sinadarin tayiroksin, da ke fitowa daga gaɓar tayirod a wuya, shi ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci. Kotisol, da ke fitowa daga wasu 'yan gaɓoɓi biyu a saman ƙoda, yana ƙaruwa idan mutum ya shiga damuwa ko ciwo.

Masana biyu 'yan Ingila, William Bayliss da Ernest Starling, su ne suka gano na farko a cikinsu a birnin Landan a 1902, kuma Starling ne ya fara amfani da kalmar a 1905. Asalinta daga harshen Girkanci ne, ma'anarta zaburarwa.

Babbar matsalar auna su ita ce ƙarancinsu. Yawan sinadarin estiradayol a jinin mace, alal misali, kan yi daidai da a narka 'yan ƙwayoyin sukari a cikin tankar mai ta lita 33,000. Ga shi kuma jinin na cike da dubban wasu sinadarai, wasunsu ma sun yi kama da wanda ake nema ƙwarai da gaske.

Zamanin ɓeraye da kwaɗi

Kafin a samu hanyar awo ta ɗakin gwaje-gwaje, dabbobi ne ma'auni. A 1927 likitoci biyu a birnin Berlin na Jamus, Selmar Aschheim da Bernhard Zondek, suka nuna cewa idan aka yi wa ƙananan ɓeraye mata allurar fitsarin mace mai ciki, gidan ƙwansu kan kumbura. Sai an jira kwanaki, sannan a yanka ɓerayen a duba.

Daga shekarun 1930 aka koma ga wani kwaɗo na Afirka mai suna Xenopus, wanda masanin dabbobi Lancelot Hogben ya yi bincike a kansa lokacin da yake aiki a Afirka ta Kudu. Idan aka yi wa macen kwaɗon allurar fitsarin mai ciki, takan saki ƙwai kafin gari ya waye, kuma ba sai an kashe ta ba. An yi ta jigilar waɗannan kwaɗi zuwa asibitocin Turai da Amurka har zuwa shekarun 1960.

Abin da ɓeran da kwaɗon ke amsawa shi ne sinadarin hCG, wanda mabiyiya ke samarwa tun farkon shigar ciki. Sai dai amsarsu e ce ko a'a. Ba sa faɗin yawansa.

Shigowar antibodi

Antibodi furotin ne da garkuwar jiki ke ƙerawa idan wani baƙon abu ya shiga jiki. Siffarsa kamar cokali mai yatsu biyu ce, kuma bakin kowane yatsa an ƙera shi ne daidai da wani ɓangare na baƙon abin, kamar dai yadda kowace tukunya ke da murfinta. Wannan tsantseni wajen zaɓar abin da zai kama shi ne ya sa antibodi ya zama ma'auni.

Waɗanda suka fara mai da shi ma'aunin homon su ne Rosalyn Yalow, masaniyar kimiyyar fiziks, da likita Solomon Berson, a wani asibitin tsofaffin sojoji da ke unguwar Bronx a birnin New York. A shekarun 1950 suka lura cewa masu ciwon suga da ake yi wa allurar insulin na dabbobi, jikinsu kan ƙera antibodi da ke kama insulin ɗin. Masana da dama a lokacin ba su yarda ba, domin an ɗauka cewa insulin ya yi ƙanƙanta da ya tayar da garkuwar jiki.

Daga nan suka fito da dabarar awo. Sukan haɗa antibodi kaɗan, wanda suka samo daga jinin ɓeran Masar, da wani sanannen adadi na insulin da aka yi wa alama da aidin mai fitar da tururin nukiliya, sannan su zuba jinin majinyaci. Insulin na majinyacin da mai alamar sai su yi gasar samun gurbi a jikin antibodin. Idan na majinyacin na da yawa, mai alamar kaɗan ne zai samu gurbi. Auna tururin da ya maƙale shi ke bayyana adadin.

Sun wallafa aikin a 1959 da 1960, kuma ba su yi masa rajistar mallaka ba, abin da ya sa dabarar ta bazu cikin hanzari. Berson ya rasu a 1972. Yalow ta samu kyautar Nobel ta fannin likita a 1977.

Abubuwa uku ne suka biyo baya da suka sa aka iya fitar da wannan awo daga manyan ɗakunan gwaje-gwaje. A 1971 Eva Engvall da Peter Perlmann na Jami'ar Stockholm a Suwidin suka maye gurbin alamar nukiliya da wani sinadarin enzayim mai sauya launi, dabarar da aka sani da ELISA. A 1972 Judith Vaitukaitis da abokan aikinta a cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka suka samar da antibodi mai iya bambanta hCG da ɗan'uwansa LH, wanda ke jikin kowace mace ko ba ta da ciki. Sinadaran biyu kusan rabinsu iri ɗaya ne, kuma wannan kama ta daɗe tana rikita awo. Sai kuma 1975, lokacin da Georges Köhler da César Milstein a Cambridge suka gano yadda za a riƙa samar da antibodi iri ɗaya tak, ba tare da yankewa ba, maimakon dogaro da jinin wata dabba guda da ka iya mutuwa gobe. Su ma sun samu kyautar Nobel a 1984.

Mece ce bayosensa?

Bayosensa na'ura ce mai sassa biyu a haɗe: wani abu daga halitta da ke gane sinadarin da ake nema, da kuma wani sashe da ke mai da wannan ganewa zuwa alamar da za a iya karantawa, ko wutar lantarki, ko haske, ko launi.

Ba'amurke Leland Clark ake dangantawa da kafa fannin, bayan da shi da Champ Lyons suka bayyana a 1962 yadda za a ɗora enzayim a kan wani ma'aunin iskar oksijin domin auna suga. Na'urar awon suga da masu ciwon suga ke yawo da ita a aljihu jikanyar wannan aiki ce. Amma ya kamata a lura cewa ita enzayim take amfani da shi, kuma suga take aunawa, ba insulin ba. Yawancin sinadaran homon ba su da wani enzayim da ya dace da irin wannan aiki, shi ya sa aka koma ga antibodi.

Yadda tsinken ke aiki

A shekarun 1970 aka fara sayar da kayan gwajin ciki na gida, amma sai an haɗa ruwaye a kwalba an jira kimanin sa'o'i biyu. A 1988 kamfanin Unipath da ke garin Bedford a Ingila ya fito da Clearblue mai mataki ɗaya, wanda ke ba da amsa cikin mintuna uku.

A cikin tsinken akwai wata siririyar takarda mai tsotsar ruwa. A farkonta an ajiye antibodi na farko, wanda aka maƙala wa ƙananan ƙwayoyin launi, ko shuɗi na roba, ko ja na ɓurɓushin zinariya. Fitsari na shiga sai ya kwashe su ya yi gaba. Idan akwai hCG, antibodin kan kama shi ta gefe ɗaya. Can gaba kuma an kafa antibodi na biyu a layi, wanda ba ya motsi, shi kuma ya kama hCG ɗin ta ɗaya gefen. Ƙwayoyin launin sai su taru a wurin, layi ya bayyana.

Layi na biyu da ke gaba da shi yana kama antibodi mai launi ko da hCG ko babu, kuma aikinsa shi ne tabbatar da cewa ruwan ya bi ta kan takardar yadda ya kamata. Idan wannan layi bai fito ba, gwajin ya lalace, ko me ɗaya layin ya nuna. Akasarin tsinkayen na fara nuna ciki ne idan hCG ya kai kimanin ma'auni 25 a lita guda.

Irin wannan tsari ne ke cikin gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro da aka saba gani a ƙananan asibitocin Najeriya da Nijar, da kuma na cutar korona, sai dai su ba homon suke nema ba.

Wannan kamu ta gefe biyu na yiwuwa ne ga manyan sinadarai irin su hCG, da LH, da TSH, da insulin. Amma kotisol, da firojesteron, da tayiroksin ƙanana ne ainun; nauyin kotisol kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na hCG, don haka babu wurin da antibodi biyu za su riƙe shi lokaci guda. Ga irinsu sai a koma ga dabarar gasa ta Yalow da Berson, inda alamar ke raguwa idan sinadarin ya yi yawa. A irin wannan tsinke, dusashewar layi ce ke nufin sinadarin na nan, abin da kan rikita wanda bai karanta takardar bayani ba.

Masana na da saɓani kan ko tsinken da ido ke karantawa ya cancanci a kira shi bayosensa, tunda babu sashen da ke mai da amsar zuwa lamba. Tun 2003 dai akwai na zamani masu ɗan ma'aunin haske a ciki, da ke rubuta amsa a allo.

Daga launi zuwa lantarki

Inda ake buƙatar adadi, ba e ko a'a ba, akan kafa antibodin a kan wani ɗan falle na zinariya ko gawayi mai ɗaukar lantarki. Bayan homon ya maƙale, enzayim da ke jikin antibodi na biyu kan haddasa wani sauyi da ke fitar da 'yar wutar lantarki, na'ura kuma ta auna ƙarfinta. Na'urar hannu ta i-STAT, da ake amfani da ita a sassan ba da agajin gaggawa, tana da harsashin awon hCG mai irin wannan tsari, kuma ɗigon jini kaɗan take buƙata.

Adadin na da muhimmanci. A makonnin farko na ciki mai lafiya, hCG kan ninka kansa kusan duk bayan kwana biyu. Idan aka auna sau biyu aka ga ba ya hawa yadda ya kamata, likita zai yi zargin ɓari, ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda kan kashe mace ta hanyar zubar jini a ciki idan ba a yi hanzari ba.

Akwai kuma na'urorin da ba sa buƙatar wata alama ko kaɗan. Biacore, da wani kamfanin Suwidin ya fitar a 1990, tana haska siririn fallen zinariya ne, ta lura da yadda hasken ke sauyawa yayin da sinadari ke maƙalewa a jikin antibodi. Tana da tsada, kuma a ɗakunan bincike da kamfanonin magani aka fi samun ta.

Misali mafi gamsarwa na amfanin saurin awo shi ne tiyatar gaɓoɓin faratayirod, wasu 'yan ƙwayoyi huɗu da ke bayan tayirod. Idan ɗaya ta kumbura tana fitar da homon fiye da kima, likita kan cire ta. Da yake wannan homon ba ya daɗewa a jini, rabinsa kan ɓace cikin 'yan mintuna, akan auna shi majinyaci na kwance a kan gadon tiyata. Idan ya ragu da fiye da rabi mintuna goma bayan cirewar, an cire wadda ta dace. Idan bai ragu ba, da sauran aiki, kuma likita zai ci gaba da nema kafin ya ɗinke.

A ƙasashe da dama kuma ana ɗigar jinin dugadugan jarirai a kan takarda domin auna TSH ko tayiroksin. Lardin Quebec na Kanada ne ya fara wannan a 1974. Kimanin jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ake haifa da tayirod da ba ta aiki sosai. Ba a gane shi da ido a kwanakin farko, amma idan aka fara ba shi magani cikin makonni biyu ƙwaƙwalwarsa kan girma lafiya, idan kuwa aka makara, naƙasar ba ta gyaruwa.

Har a harkar kiwo dabarar ta shiga. Na'urar Herd Navigator ta kamfanin DeLaval na auna firojesteron a cikin madara yayin tatsa, domin sanin ranar da saniya ke neman barbara, da kuma ko ta ɗauki ciki.

Inda awon ke yin ƙarya

Wannan ne ɓangaren da tallan kamfanoni ba su cika ambata ba, alhali shi ya fi shafar majinyaci.

Antibodi siffa yake ganewa, don haka abin da ya yi kama da homon kan yaudare shi. Maganin firednisolon, wanda mutane da yawa ke sha saboda asma ko ciwon gaɓoɓi, ya yi kama da kotisol har yakan sa awon ya nuna adadi mai yawa. Wajen auna testosteron a jinin mata da yara, inda yake kaɗan ƙwarai, kuskuren ya yi yawan da ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ta fitar da sanarwa a kai a 2007, kuma manyan ɗakunan gwaje-gwaje sun fi amincewa da wata hanya daban mai tantance sinadarai ta nauyinsu.

Wasu mutane kuma suna da antibodi nasu na kansu a jini, waɗanda ke kama antibodin ɓera da aka yi gwajin da shi. Sai su haɗa na farko da na biyu ba tare da wani homon a tsakani ba, na'ura ta ce akwai. A shekarar 2000 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa rahoton mata 12 da irin wannan kuskure ya sa aka ɗauka suna da wata sankara mai fitar da hCG. An ba wasunsu magungunan sankara masu ƙarfi, an kuma yi wa wasu tiyata, har da cire mahaifa. Abin takaicin shi ne gwajin fitsari mai arha zai iya tona asirin kuskuren, domin irin waɗannan antibodi ba sa ratsa ƙoda su shiga fitsari.

Yawan homon ma kan zama matsala. Idan ya wuce kima, yakan cike antibodi na farko da na biyu daban-daban, kowanne ya riƙe nasa, ba su haɗu ba, sai amsar ta fito ƙasa ko ma ta nuna babu. Maganin wannan shi ne a tsarma samfurin a sake aunawa.

Sai kuma bayotin, wani sinadarin bitamin da ake sha domin gyaran gashi da farce. Na'urori da dama na amfani da shi wajen ɗaure antibodi a mazauninsa, don haka idan ya yi yawa a jini yakan sa TSH ya fito ƙasa, tayiroksin kuma ya fito sama, kamar dai na mai ciwon tayirod mai aiki fiye da kima. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a watan Nuwamban 2017. Wanda zai je awon homon ya kamata ya faɗa wa likita duk abin da yake sha, har da wanda bai ɗauka magani ba ne.

Akwai matsalar zafi, wadda ta fi shafar ƙasashen yankin Sahel. Antibodi furotin ne, zafi na lalata shi, kuma a jikin kwalayen yawancin tsinkayen an rubuta a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos. A Sakkwato, ko Maiduguri, ko Yamai, zafi kan haura digiri 40 a watannin bazara, cikin shago mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Tsinken da ya yi watanni a kan kanta a irin wannan yanayi ba lallai ne ya yi aikin da aka rubuta a jikinsa ba, ko da wa'adinsa bai ƙare ba.

Ko da na'ura ta yi daidai, sauran fassara. Kotisol kan yi sama da sassafe ya yi ƙasa da tsakar dare, LH kuma kan yi tashin gwauron zabi kimanin sa'o'i 24 zuwa 36 kafin mace ta saki ƙwai, sannan ya sauka. Lamba ɗaya ba tare da sanin lokacin da aka ɗauki samfurin ba, kaɗan take faɗa. Haka nan na'urorin kamfanoni biyu kan ba da lambobi mabambanta a kan jini ɗaya, duk da ma'aunan bai-ɗaya da Hukumar Lafiya ta Duniya ke tanadarwa, don haka ya fi kyau mai bibiyar ciwo ya riƙa awo a wuri guda.

Na'urorin da ake ɗaurawa a jiki

Burin masu bincike a yanzu shi ne na'urar da za ta riƙa auna homon dare da rana, kamar yadda ake da ta suga wadda ake mannawa a dantse ta yi kwanaki 10 zuwa 14 tana aiki. A 2020 ƙungiyar Wei Gao a cibiyar fasaha ta Caltech da ke Kalifoniya ta bayyana wata 'yar na'ura ta garafin, wani siririn nau'in gawayi, da aka ɗora wa antibodi domin auna kotisol a cikin gumi.

Sai dai akwai cikas da ke tattare da halittar antibodi kansa. Ƙarfin riƙonsa, wanda shi ne ya ba shi damar kamo sinadari kaɗan a cikin jini, shi ne kuma ke hana shi sakin abin da ya kama da wuri. Na'urar da ta cika ba za ta nuna cewa homon ya sauka ba sai an wanke ta ko an sauya ta. Ga shi kuma homon a jini ya gaza suga yawa sau dubbai, wasu ma sau miliyoyi, a gumi kuwa ya fi haka ƙaranci.

Wannan ya sa wasu masu binciken suka karkata ga madadin antibodi. Akwai aftama, wasu gajerun zarurrukan sinadarin gado da aka fara ƙerawa a 1990, waɗanda ke naɗewa su kama sinadari, sun kuma fi jure zafi. Akwai kuma roba da ake zubawa a kan sinadarin domin ta ɗauki siffarsa. A 2023 ƙungiyar ta Caltech ta bayyana wata na'urar auna estiradayol a gumi, kuma a wannan karon aftama ta yi amfani da shi a maimakon antibodi.